Yadda ake tsayawa takarar kujerar gunduma a zaɓen fidda gwani na Amurka: misalin jihar Ohio

Sa hannun mutum 50 da dala 80. Abin da doka ke nema ke nan a jihar Ohio kafin sunanka ya hau takardar ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na kujerar kwamishinan gunduma, muddin a ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu za ka tsaya. Wanda ya taso inda ake sayar da fom ɗin takara da miliyoyi, daliget kuma su yanke hukunci a bayan ƙyaure, zai ɗauka wasa ake. A nan gwamnati ce ke shirya zaɓen fidda gwani, talakawa ne ke jefa ƙuri'a, jam'iyya ba ta sayar maka da komai. Sai dai araha ba ta hana wahala. A ƙaramar gunduma mutanen da za su yanke maka hukunci kaɗan ne, sunayensu da adireshinsu a rubuce suke, kuma yawancinsu sun san abokin hamayyarka tun yana makarantar firamare. Aikin naka kashi biyu ne: kada takarda ta kayar da kai, sannan ka taka da ƙafarka zuwa ƙofar waɗannan mutane.

Kowace jiha da dokarta. Na ɗauki Ohio, mai gundumomi 88, don ita na fi sani. Wanda ke wata jiha ya ɗauki tsarin tafiyar, ranaku da adadi kuwa ya nemo na jiharsa.

Da farko, ka cancanta? Wace kujera kuma?

Dole ka zama ɗan ƙasa, shekarunka sun kai 18, kana da rajistar zaɓe a gundumar da kake nema. Wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar rantsuwa daidai yake da wanda aka haifa a can, kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa kaɗai aka keɓe wa haifaffu. Mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, bai shiga ba, kuma kada ya kuskura ya cika wata takardar zaɓe, don iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya yana iya jawo kora daga ƙasar. In kana aikin gwamnatin tarayya, dokar Hatch ta hana ka takara a ƙarƙashin jam'iyya. Ohio ma tana da irin wannan hani a kan wani rukuni na ma'aikatan jiha da na gunduma, saboda haka ka bincika matsayin aikinka tun kafin ka gaya wa kowa niyyarka.

Kujerun gunduma da ake zaɓa su ne kwamishinoni uku, odita, ma'aji, mai rajistar takardun filaye, magatakardan kotu, sherif (shugaban 'yan sandan gunduma), mai gabatar da ƙara, injiniya da likitan binciken gawa. Gundumomin Cuyahoga da Summit ne kaɗai ke da nasu tsarin daban. Wasu kujerun ba na kowa ba ne: mai gabatar da ƙara sai lauya, binciken gawa sai likita, sherif sai mai horo da gogewa a aikin ɗan sanda, injiniya kuwa sai mai lasisi biyu, na injiniya da na safiyo. Kujerar kwamishina ba ta neman wani satifiket. Wa'adinta shekara huɗu ne, kuma ba a zaɓen ukun a tare: biyu a shekarar zaɓen shugaban ƙasa, ɗaya a shekarar zaɓen gwamna, tare da odita.

Kafin ka ce kana so, ka je ka ga aikin. Zaman kwamishinoni a buɗe yake ga kowa bisa doka. Ka halarta na wata uku ko fiye, ka zauna a baya da littafinka. Za ka ji ana ta maganar kasafin kuɗi, kuɗin tafiyar da gidan yari, gadar da ta tsufa, magudanar ruwan gonaki, harajin saye da sayarwa, har da ofishin kama karnukan da suka ɓace. In ka ji barci na ɗaukarka a zama na biyu, to ka samu amsa da wuri, ba ka kashe ko sisi ba.

Wace jam'iyya

A zaɓen 2020 Donald Trump ya ci gundumomi 81 daga cikin 88 na Ohio. Ma'anar wannan a ƙauye ita ce, a gundumomi da yawa wanda ya ci zaɓen fidda gwani na Rifablikan ya riga ya hau kujera, babban zaɓe na watan Nuwamba cika sharaɗi ne. A Columbus da Cleveland kuwa akasin haka ne, Dimokurat ke da gari. Ban ce ka shiga jam'iyyar da ba ka yarda da ita ba don neman kujera, mutanen ƙaramin gari suna da hancin gane wannan. Amma ka san inda ka sa ƙafa.

A Ohio ba a rubuta jam'iyya a fom ɗin rajista. Takardar ƙuri'ar da mutum ya nema ranar zaɓen fidda gwani ita ke nuna jam'iyyarsa. Ka riƙe wannan, zai dawo a wajen tara sa hannu. Ka kuma sani cewa in ka tsaya a fidda gwani ka faɗi, doka ta hana ka dawowa a Nuwamba a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Babu sauya sheƙa a tsakiyar tafiya.

Sai ka nemi shugaban jam'iyya na gunduma da 'yan kwamitin tsakiya, waɗanda ke wakiltar mazaɓu. Ba su da ikon hana ka tsayawa, amma abin kunya ne su ji labarin takararka a bakin wani. Da ɗan gari akan ci gari.

Takarda: nan ake zubar da mutane

Ranar zaɓen fidda gwani ita ce Talatar farko bayan Litinin ta farko a watan Mayu, sai a shekarar zaɓen shugaban ƙasa da ake dawo da shi Maris. Ana rufe karɓar takardun takara ƙarfe 4 na yamma, kwana 90 kafin zaɓe. Na 19 ga Maris 2024 an rufe shi tun 20 ga Disamba 2023, na 5 ga Mayu 2026 kuma ranar rufewarsa 4 ga Fabrairu. Kenan a tsakiyar hunturu za ka yi yawon neman sa hannu, biro na daskarewa a hannunka.

Ka je ofishin hukumar zaɓe ta gunduma ka karɓi fom ɗin bayyana takara, wanda ke haɗe da layukan sa hannun magoya baya. Akwai shi a shafin intanet na sakataren jiha, wato babban jami'in zaɓe na jihar, tare da littafin jagorar 'yan takara na shekarar. Ka karanta littafin nan daga bango zuwa bango. Ma'aikatan hukumar za su karɓe ka da fara'a, amma an hana su duba maka takardarka kafin ka miƙa, kuma ba lauyoyinka ba ne.

Ga yadda ake bi, kuma jerin yana da muhimmanci. Ka fara cika ɓangarenka, ka sa hannu da kwanan wata, kafin mutum ko ɗaya ya sa nasa. Duk sa hannun da kwanan watansa ya riga naka ya tashi a banza. In ka canja suna a cikin shekara biyar da suka wuce, dole ka rubuta tsohon sunan tare da sabon, sai fa in aure ne ya kawo canjin. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don mutanenmu da dama a ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa suke gyara suna, wani ya ajiye sunan gari ya ɗauki na kaka. A 2024 an cire wata 'yar takara a Ohio saboda wannan doka, alhali fom ɗin ma ba shi da gurbin rubuta tsohon suna a lokacin.

Wanda zai sa maka hannu sai mai rajista a gundumar, kuma ɗan jam'iyyarka a idon doka: ko dai ya yi zaɓen fidda gwani na jam'iyyar, ko kuma bai yi na wata jam'iyya ba a shekaru biyu da suka gabata. Ya sa hannu da biro, irin sa hannun da ke cikin rajistarsa, ya rubuta adireshin da hukumar ta sani, ba akwatin gidan waya ba. Miji ba ya sa wa matarsa, ko da tana kicin tana cewa "sa min kawai". Kai kanka kana iya yawo da takardar, amma sa hannunka ba ya shiga cikin 50 ɗin.

Mai yawo da takarda shi ma ɗan jam'iyyar ne, kuma dole idonsa ya ga kowane sa hannu. Ba a ajiye ta a kan kantar gidan mai a ce duk wanda ya zo ya sa. A ƙasan kowace takarda zai rubuta adadin sa hannun da ya shaida. Nan wani abokina da na taya kamfen ya kusa kifewa. Surukinsa ya tara mutum 19 a takarda ɗaya, ya ƙirga a cikin mota da fitilar waya, ya rubuta 18. A wancan lokacin, in adadin da aka rubuta ya gaza abin da ke kan takardar, dukkanta akan jefar, don ana ɗauka akwai wanda bai shaida ba. Mutum 19 suka tafi a kan kuskuren lamba ɗaya. Abin da ya cece shi, ya tara sama da ɗari.

Saboda haka kada ka tsaya a 50. Doka ta yarda ka kai har ninki uku, wato 150, ka nufi kusa da hakan. Kowane dare ka zauna da kundin masu rajista ka duba sunayen da aka samu ɗaya bayan ɗaya. Ana miƙa takardun duka a lokaci guda, kuma da zarar sun shiga ba a ƙari, ba a gyara, ba a janye su a sake. Ka kai mako guda kafin ranar rufewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dusar ƙanƙara ba ta san ƙarfe 4 ba.

Hukumar, mai mambobi huɗu, biyu daga kowace babbar jam'iyya, za ta tantance kafin kwana 78 ga zaɓe. Duk ɗan jam'iyyarka mai rajista yana da damar ƙalubalantar takardarka har zuwa kwana 74 kafin zaɓe. Abokin hamayya mai wayo zai nemi kwafinta ya bi layi-layi. Kai ma ka nemi tasa.

Kuɗi

Kafin ka karɓi dala ɗaya ko ka kashe, ka miƙa fom mai lamba 30-D, na naɗa ma'ajin kamfen, a hukumar zaɓe ta gunduma. Kana iya zama ma'ajin kanka, amma ban ba ka shawara ba. Nemi mutum mai tsantseni da rasit, irin wanda ke riƙe kuɗin ƙungiya ba a taɓa jin kansa da kowa ba. A buɗe asusun banki na kamfen daban, kada kuɗin cefane ya haɗu da na fosta.

Kowace gudummawa a rubuta sunan mai bayarwa, adireshinsa, rana da adadi. Tsabar kuɗi daga mutum ɗaya ba ta wuce dala 100 a zaɓe guda, abin da ya haura sai ta cak ko kati. Kamfani ba ya ba ɗan takara. Duk abin da aka kashe sama da dala 25 sai da rasit.

Ga wanda ya fi shafarmu. Dokar tarayya ta haramta karɓar gudummawar wanda ba ɗan ƙasa ba a kowane irin zaɓe, har na ƙauye. Yayanka na Kano ko kawunka na Maraɗi zai ji ka fito takara, zumunci ya motsa, ya ce bari ya turo nasa. Ka ce masa, "Kawu, addu'arka ta fi min kuɗin, wannan in na karɓa kotu za ta kai ni." Kada kuma a yi dabarar turo wa wani ɗan ƙasa ya bayar da sunansa, wannan laifi ne na biyu a kan na farko. Dokar tarayya ta ƙyale masu girin kad, amma a 2024 majalisar Ohio ta yi dokar da ta haɗa har da su. Mafi sauƙi, a hannun 'yan ƙasa kaɗai za ka karɓa.

Rahoton kuɗi na farko ana kai shi kwana 12 kafin zaɓe in abin da ya shiga ko ya fita ya haura dala 1,000. Akwai kuma takardar bayyana hanyoyin samun kuɗinka da ake kai wa hukumar ɗa'a ta jiha kwana 30 kafin zaɓe, wadda sababbin 'yan takara suka fi mantawa da ita. Kowace fosta, takardar rabawa ko tallan Facebook kuwa sai an sa mata layin da ke faɗin kwamitin da ya biya.

Lissafin ƙuri'a

Kundin masu zaɓe na kowace gunduma yana shafin sakataren jiha, kyauta. A ciki akwai suna, adireshi, mazaɓa, da jerin zaɓukan da mutum ya fito, har da jam'iyyar da ya nemi takardarta. Ba a nuna wanda ya zaɓa, amma an nuna ko yana fitowa. Wannan kundi ya fi duk wani mai ba da shawara da za ka biya.

Gundumar Vinton, mafi ƙarancin jama'a a jihar, mutum 12,800 ne a ƙidayar 2020, har da jarirai. Cire yara, cire marasa rajista, cire waɗanda sai Nuwamba suke fitowa, cire na ɗaya jam'iyyar, ka ga abin da ya rage. A ce a zaɓe irin naka na baya mutum 3,000 ne suka karɓi takardar jam'iyyarka, ku uku kuma kuke nema. Babu zagaye na biyu a Ohio, wanda ya fi yawa ya ci, ko da bai kai rabi ba. Ƙuri'a 1,300 na iya isarka. Mutum 3,000 kuwa ba za su wuce gida 2,000 ba, tunda mata da miji gida ɗaya ne. Ka tace kundin, ka fitar da waɗanda suka fito a biyu daga cikin zaɓukan fidda gwani uku na baya, su ne mutanenka. Yawancinsu dattawa ne.

Kada kwana 90 su ruɗe ka. Ana rufe rajista kwana 30 kafin zaɓe, washegari a fara jefa ƙuri'ar wuri, a ofis da ta gidan waya. Kenan wata biyu gare ka kafin ƙuri'a ta fara shiga akwati. Gida 30 a rana, kwana 60, ka kusa zagaye su.

Ƙofa

Zuwa da kai ya fi saƙo. A cikin gari ana tafiya a ƙafa, a karkara sai mota, wani ya tuƙa kai kana sauka. Ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya taku biyu, ka sauko daga matakala don kada ka tsaya wa mutum a ka, hannayenka a fili. In ka ga allon hana shiga a bakin hanya, ka wuce, ka aika wasiƙa. In rana ta faɗi ka koma gida. Baƙon fuska a ƙofar manomi da dare ba abin wasa ba ne a ƙasar da bindiga ke gida-gida.

Na tuna wata tsohuwa a ƙarshen wata hanyar tsakuwa, ta buɗe ƙofar katako ta bar ta raga a rufe, kare na haushi a bayanta. Abokina ya faɗi sunansa da kujerar da yake nema. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai daga ina?" Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Madam, a Afirka aka haife ni, amma shekarata goma sha biyu a garin nan, 'ya'yana a makarantar da ke bayan cocinku suke." Ta yi shiru, sannan ta nuna kwalbatin da ke bakin titi, ta ce shekara uku ruwa na cin gonarta. Ya tsuguna ya leƙa, ya rubuta a littafi, ya gaya mata gaskiya cewa aikin na ofishin injiniya ne amma kuɗin daga kwamishinoni yake fitowa. Kafin mu tafi ta buɗe ƙofar ragar. Tambayar "daga ina" za ta zo sau ɗari, wani da son sani, wani da wata manufa. Ka tanadi amsa gajera, ka mai da zance kan kwalbati. Baƙi suna cin zaɓe a Ohio: Bhuwan Pyakurel, ɗan gudun hijira daga Bhutan, ya ci kujerar kansila a Reynoldsburg a 2019, Munira Abdullahi da Ismail Mohamed kuma, 'yan asalin Somaliya, suka shiga majalisar jiha a zaɓen 2022. Sai dai duka a Columbus da kewayenta ne. Ƙauye ya fi tauri, wanda kuma bai taɓa aikin sa kai a garin ba kafin takara, gara ya fara da wannan.

In ba kowa a gida, ka rubuta gaisuwa da hannunka a jikin takardar ka maƙale a ƙofa. Kada ka jefa a akwatin wasiƙa, na gidan waya ne kaɗai, jefa abin da ba kan sarki laifi ne. Allunan suna a kafa su a farfajiyar wanda ya yarda, ba a gefen babbar hanyar jiha ba, ma'aikata za su tuge. Allo ɗaya a gaban gidan dattijon da ake ganin girmansa ya fi hamsin a kan kwana.

Sauran lokaci ka bi taro. Zaɓen yakan faɗo a kusa da azumin Kirista na bazara, lokacin da coci-coci da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ke soya kifi duk Juma'a da yamma. Kifi ne, ka ci hankalinka kwance. Akwai karin kumallon tara kuɗi na 'yan kwana-kwanan sa kai, akwai walimar shekara ta jam'iyya, akwai zaman wakilan ƙananan yankunan karkara, waɗanda suka san kowane gida. Jaridar gari mai fita mako-mako za ta aiko da tambayoyi, ka amsa a kan lokaci, dattawan nan suna karanta ta har shafin rasuwa. Ka guji zagin abokin hamayya. Matar da kake gaya wa laifinsa ƙila ƙanwar matarsa ce.

Makon ƙarshe da bayansa

Hukumar tana fitar da jerin waɗanda suka nemi ƙuri'ar gidan waya da waɗanda suka riga suka jefa. Ka riƙa karɓa kullum: wanda ya nema ka aika masa kati a ranar, wanda ya jefa ka soke sunansa ka huta. Waɗanda suka ce suna tare da kai kuwa a kira su a waya a tuna musu, a kuma tuna musu katin shaida mai hoto, wanda ya zama dole tun 2023. Matashi ɗan shekara 17 da zai cika 18 kafin zaɓen Nuwamba yana da damar zaɓen ɗan takara a fidda gwani.

Ana buɗe rumfuna 6:30 na safe, a rufe 7:30 na yamma. Ba a kamfen a cikin ƙafa 100 daga ƙofar rumfa, za ka ga 'yan tutoci sun shata iyakar. Ba a raba kuɗi, ba a raba shinkafa, ko da sunan alheri. Kada ka ce wa mutane "ni ne na biyu a takarda", don ana juya jerin sunaye daga mazaɓa zuwa mazaɓa.

Sakamakon daren zaɓe na wucin gadi ne, na hukuma sai an gama tantance sauran ƙuri'u. In tazarar ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, za a sake ƙirga ba tare da ka biya ba. In aka yi kunnen doki, ƙuri'ar sa'a ake jefawa a gaban hukumar, sau da yawa da kwabo. Ko ka ci ko ka faɗi, ka kira abokin hamayyarka a daren, washegari ka ɗauki mota ka kwashe allunanka daga farfajiyar mutane, kana yi musu godiya gida-gida. Rahoton kuɗi na bayan zaɓe yana jiranka kwana 38 bayan ranar, kuma kwamitinka zai ci gaba da kai rahoto har sai asusun ya koma sifili ka rufe shi a rubuce.